Ayabar Gonar Aro

Da rana tsaka suka zo, ba a ɓoye ba. Ɗan'auta ne a gaba, tsoho tukuf wanda sunan yarinta ya ƙi sakinsa, shi ne kuma babba yanzu a gidan masu gonar. A bayansa Zamani, ɗan wansa, riƙe da adda, kai a sunkuye. Suka yi sallama kamar masu zuwa barka, aka ba su ruwa suka sha. Sannan suka zagaya bayan bukka, bakin rafi, inda ayabar Hussaina take, suka sare ta kaf.

Ayaba ba ta da wuyar sara. Da adda ta taɓa ta sai ta kwanta, ruwa na tsiyaya daga kututturen. Hussaina na tsaye da goyo.

"Ba faɗa ba ne, Babayo," in ji tsohon, yana duban mijinta. "Gonar aro, abin da zai mutu a shekara ake shukawa. Dawa, acca, dankali. Wanda ya dasa itace ya ce gona nashi ne. Gobe jikanka zai nuna wurin nan ya ce kakana ya dasa."

"Ayaba ba itace ba ce, Baba. Da ta haihu mutuwa take yi."

"Yana mutuwa, ɗansa ya tashi a gindi. Ɗan ya mutu, jika ya tashi. Wane itace ya kai shi taurin kai?" Ya share gumi da hularsa. "Ran Lahadi, in an fito majami'a, dattawa za su zauna a gindin ɗorawa. Su za su ce ku zauna ko ku tashi. Ɗanyen ayaban da ke kai kam naku ne, ba mu taɓa ba. Mu ba ɓarayi ba ne."

Suka tafi, suka bar mata tulin ɗanyar ayaba, kore shar, wadda ko biri ba zai kalla ba.

A bayan takarkari Hussaina ta girma. Kafin ta zo nan ba ta taɓa zama wuri ɗaya ta ga abin da ta binne a ƙasa ya ba ta abinci ba. Ciwon huhu ne ya shiga garken Babayo, jangali ya ƙarasa abin da ciwo ya bari, suka rasa na yawo. Uban Zamani, Allah ya ji ƙansa, ya ara musu wannan fili tsakanin Kafanchan da Fadan Kaje, fili mai tsakuwa wanda kowa ya raina. 'Yan shanun da suka rage suka yi ta kwana a kai, damina bayan damina, har ƙasar ta yi baƙi ta yi laushi. Hussaina ta gina rumbu da hannunta. Ta san hanyar tasha inda take kai kindirmo, ta san kukan jirgin Jos daban da na kudu, ta san wace mata ce a barikin reluwe take ɗanɗanawa ba ta saya. A karon farko a rayuwarta, in ta ce gida, akwai wurin da take nufi.

Sai uban Zamani ya mutu, gida ya koma hannun ƙanensa. A shekarun nan kuma kowa citta yake shukawa, citta kuwa baƙar ƙasa take so. Kowa ya san wannan. Ba wanda ya faɗa.

Ayabar ma ba Hussaina ta nemo ta ba. Afiniki, matar Zamani, ita ta kawo ɗan tsiron a naɗe cikin ɗanyen ganye ranar sunan Fatima, 'yar Hussaina, daga bayan ɗakinta ta ciro shi. Ta ce a dasa, yarinya ta ci in ta yi haƙori. A lokacin ba a daɗe da kawo Afiniki daga Nok ba, ba ta gama sanin dokokin gidan miji ba. Hussaina kuwa danginta ba su da dokar ƙasa, don ba su da ƙasa. Suka haƙa ramin tare suna dariya.

Dokar kuma tana da ƙofa guda. In irin daga gidan mai gona ya fito, ta hannun mutanensa, to itacen na mai gona ne, baƙo ba shi da laifi.

"Ki buɗe baki ki ce ita ta ba ki," in ji Babayo, bayan masu adda sun ɓace.

"Wanda ake tuhuma ba ya shaidar kansa. Sai daga bakinta."

"To ki roƙe ta."

Hussaina ta gyara goyo. An koya mata tatsa, an koya mata haƙuri, an koya mata kada a ga yunwarta a fuska. Roƙo ne ba a koya mata ba.

Washegari da hantsi sai ga Afiniki, da wuƙaƙe biyu da faifai da lemun tsami a bakin zane. Ba ta dubi kututturan ba. Tulin ayabar ta tsaya a kai, hannu a ƙugu.

"'Yar Fulani, kallonsa za ki yi har ya ruɓe? An sare shi bai ƙosa ba, ba zai nuna ba. Tashi mu shanya."

"Ana shanya ayaba? Sai ka ce kuɓewa."

"Matan 'yan reluwe na kudu suna yi, na gani da idona. Mu ma a Nok haka muke tsaga citta. Ɗauko ƙwarya babba, da gishiri. Kina da manja?"

"Ina zan ga manja?"

"To hannunki ya shiga uku. Danƙonsa ba ya fita."

Hussaina ta shiga bukka ta fito da man shanu. Afiniki ta shinshina, ta taɓe baki, ta ce yau wuƙarta ta ci abin da ita ba ta ci ba tun Kirsimeti. Suka shafe wuƙaƙe da tafin hannu, suka kwashi ayaba zuwa falalen dutsen da ke tsakanin ruga da gidan su Zamani, inda mata ke sussukar acca.

Aikin ba wuya, sai dai cin rai. A tsaga ɓawon a tsaye, a sa babban yatsa a ɗaga shi, don ɗanyar ayaba ba ta sakin rigarta da daɗi. A yanka a karkace, siriri. A jefa cikin ruwan gishiri da lemun tsami kada ta yi baƙi. A tsame, a jera a kan dutse, kada wani yanki ya hau wani. In gefen ya fara lanƙwasa a juya. Kafin raɓa ta sauka a kwashe. Man shanu ya taimaka, amma danƙon ya sami hanya, ya shiga ƙarƙashin farce da tsagar fata ya zauna, baƙi ƙirin.

"Kai! Wannan yanka ne ko tafin takalmi?" Afiniki ta ɗaga wani yanki na Hussaina sama. "Sai kin ga rana ta cikinsa. Wannan sai baɗi ya bushe."

"Mu nono muka sani, Maman Clara. Ba ya neman wuƙa."

"Shi ya sa kuke kamar sillen kara."

"Ku kuma kuna ƙwace wa birai abinci, har da shanyawa."

Suka yi dariya, dariyar gaske, abin ya ba Hussaina haushi. Ta so a ce dariyar ta ƙi zuwa.

Haka suka yi ta yi. Kullum Afiniki na zuwa in ta gama aikin gida. Dutsen ya yi fari fat da ayaba, kaji na kewaya, Hussaina na korarsu da tsakuwa. Waɗanda ta yanka da kauri a ranar farko suka yi fumfuna, aka zuba wa shanu. Sauran suka ƙanƙance, suka yi tauri. Afiniki ta nuna mata gwaji: wanda ya lanƙwasa da sauransa, wanda ya karye ƙas ya yi. Ta yi maganar ciwon kunnen Clara, ta yi maganar sabon malamin majami'a mai wa'azi har tuwo ya huce, ta yi maganar wata Bayarabiya a tasha da ta yi dambe da mai duba tikiti. Ta yi maganar komai. Lahadi na matsowa.

Ran Jumma'a Hussaina ta ga in ba ta taɓo ba, ba za a taɓo ba. Ta sa ido a kan wuƙa.

"Kin tuna ranar sunan Fatima?"

"Na tuna mana. Na sha fura har na kasa tashi."

"Kin zo da wani abu a ganye."

Wuƙar Afiniki ta tsaya. Can nesa jirgi ya yi kuka, ya yi shiru. Ta ajiye ayabar da ke hannunta a hankali.

"Hussaina, kin ɗauka ni 'yar gida ce? Ni ma aro aka yi ni. In na ce ni na ba ki, Baba zai ce na ɗauki ƙasar gidansu na miƙa wa baƙo. Tun da ma yana cewa mace ɗaya na haifa. Zai ce in koma Nok. Kin san in na koma, Clara ba za ta bi ni ba. Ɗa na uba ne."

"Mai gidanki fa?"

"Kin ga wanda ya riƙe adda."

Hussaina ta ci gaba da yanka. Siriri, har rana na ratsawa. Ta iya yanzu.

"Ban ce ki faɗa ba," in ji ta.

"Na sani ba ki ce ba." Afiniki ta goge ido da bayan hannu don tafin duk danƙo ne. "Bari in sa a addu'a."

Ran Lahadi gari ya waye da rana mai zafi, irin ta ƙarshen damina wadda ba a yarda da ita. Hussaina ta baza kashin ƙarshe ita kaɗai. Tana jin waƙa daga majami'a, iska na kawowa tana maidawa. Da aka tashi, dattawa suka taru a gindin ɗorawa, jifa ɗaya daga dutsen. Babayo ya tsuguna a gefe, sanda a kafaɗa, ya cire takalmi. Mata ba sa zama a irin wannan taro. Hussaina tana ganin bakuna na motsi, ba ta jin magana.

Sai gabas ta yi duhu. Iska ta taso mai ƙanshin ruwa, ta fara ɗaga yankakken ayabar tana jefarwa. Ɗigo ɗaya ya isa ya lalata shanyar duka. Hussaina ta durƙusa tana tattarawa da hannu biyu, Fatima na kuka a bayanta, dutsen kuwa faɗi gare shi.

Sai ta ga wasu hannuwa a kusa da nata. Afiniki ce, da zanen Lahadi da farin ɗankwali, wadda ko tsinke ba ta ɗagawa a ranar hutu. Ta ware bakin zanenta tana zuba ayaba a ciki. Hussaina ta ce a ranta, wadda ta karya Lahadi saboda ayaba, ai ta gama shawara.

"Afiniki!"

Muryar Ɗan'auta ce. Ya miƙe a gindin ɗorawa, iska na kaɗa rigarsa. Duk kawunan sun juyo.

"Babayo ya ce irin ayaban nan daga gidanmu ya fito. Ya ce ke kika kai wa matarsa. Haka ne?"

Ashe Babayo ya kasa daurewa. Hussaina ba ta ɗaga kai ba. Hannuwan Afiniki take kallo, farce baƙi ƙirin irin nata, suna riƙe da bakin zane. Ta ga sun matse. Can ƙofar gida Clara na tsaye da yatsa a baki. Zamani na duban ƙasa kamar ya yar da allura.

"Ke muke jira, ruwa na zuwa."

"Baba," in ji Afiniki, muryarta ta fita ƙarama, ta sake ɗagawa. "Ayaba yana ko'ina a bakin rafi. Ni ban san inda suka samo ba."

Shi ke nan. Tsohon ya juya ga dattawa, ya buɗe hannu. Afiniki ta sunkuya ta ci gaba da kwasa, da sauri, da sauri, har ta fi Hussaina. Suka gama kafin ɗigon farko. Ko yanki ɗaya bai jiƙe ba. Afiniki ta juye abin da ke zanenta a cikin ƙwarya, ta bi ta cikin ruwa zuwa gida, ba ta rufe kai ba.

Dattawa sun yi adalci irin nasu. Ba a ci tarar kowa ba. An bar su Babayo su girbe dawarsu, sannan su tashi.

Babayo bai yi mata faɗa ba, ita ma ba ta yi masa ba. Suka girbe dawa. Ya tafi wajen wani ɗan'uwansa ta gefen Gidan Waya ya dawo ya ce akwai wurin kafa bukka, na ɗan lokaci, kafin a gani. Hussaina ta san wannan maganar, da ita aka yaye ta. Afiniki ba ta sake hawa dutsen ba. In sun hangi juna a hanyar rafi, ɗaya takan sami abin gyarawa a tulunta har ɗayar ta wuce.

Busasshiyar ayaba ta cika ƙore manya. Hussaina ta ɗanɗana. Ba zaƙi, ba ɗaci, ɗan gishiri ne da gari-gari a harshe. Fatima, wadda aka dasa ayabar dominta, ta tsotsa ta tofar.

Al'ada ce mai aron gona ya kai wa mai gona wani abu daga duk abin da ƙasar ta bayar. Babayo ya kai damin dawa. Ya ce ayaba kam a bar ta, ba a kai wa mutum abin da ya sare. Hussaina ta ce ƙasar ce ta bayar, za a kai. Da safen ranar tashi ta cika faifai ta nufi gidan.

Ta tarar da Ɗan'auta a ƙofa yana gyara ƙotar fartanya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye faifan.

"Rabon ƙasa, Baba."

Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya sa a gefen bakin da ke da sauran haƙori. Ƙas. Ya tauna, ya gyaɗa kai, ya ƙara ɗiba.

"A'a! Abin nan da daɗi. Ashe haka ake yi? Wannan ai mutum zai tafi gona da shi a aljihu." Ya waiga cikin gida. "Afiniki! Zo ki gani. An ce ke kika koya mata, ko? To baɗi sai ki yi mana da namu."

Afiniki ta fito ta tsaya a bakin zaure da muciya a hannu. Hussaina ba ta gane wane namu yake nufi ba sai da ta bi ta bayan bukka don kwance maraƙi. Kututturan da aka sare sun ruɓe, amma a gindin kowanne 'ya'ya sun fito, kore, ganye a naɗe kamar kunnen zomo, sun fi na da yawa. An kewaye su da sabon shingen ƙaya. Shanun da ke wurin nata ne kaɗai, don haka ta san wa aka yi wa shingen.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta kwance maraƙin.

Suka ɗora kaya a takarkari: tabarmi, ƙore, tukunya, buhunan dawa. Rumbu ba ya ɗaukuwa. Hussaina ta leƙa cikinsa, ta mai da murfin ta daidaita, ko da yake babu komai a ciki. Babayo ya yi gaba da shanu, ita tana baya da goyo da ƙwaryar ayaba a ka.

Sun kai inda hanya ke tsallake rafi ta ji gudu a bayanta. Afiniki ce, tana haki, ƙafa duk taɓo, ƙaya ta yage mata hannu. Ta rungumo wani abu a naɗe cikin ɗanyen ganye. Ta tsaya. Ta miƙo.

Hussaina ta karɓa ta buɗe. Ɗan tsiron ayaba ne, da saiwarsa da baƙar ƙasa a jiki, ƙasar da shanunta suka yi.

"Don Fatima," in ji Afiniki. "Yana kamawa da wuri. In kin sami wuri mai damshi..."

"A ƙasar wa zan dasa, Maman Clara?"

Ruwan rafi na wucewa ta kan ƙafafunsu.

Tsohuwar saniyar da ke bin baya ta miƙo wuya tana shinshina. Hussaina ta kakkaɓe ƙasar, ta miƙa mata. Saniyar ta naɗe ganyen da harshe, ta tauna, ta haɗiye har saiwa. Hussaina ta wanke hannu a rafi, ta cuɗa da yashi. Baƙin farcen bai fita ba. Ta gyara ƙwarya a ka, ta bi shanu.